Bashin Yaya Modi a Houston

Na sauka Houston ran wata Laraba da hantsi, bayan kwana biyu a cikin bas. Daga wata jami'a ta can arewacin Amurka na taso, inda ma'aikatarmu ta aikin gona a Sakkwato ta tura ni kwas na shekara guda a kan noman rani. Hutun tsakiyar karatu aka ba mu, sati uku. A lissafina sati uku ya isa in gama abin da ya kawo ni, har ma in sami ragi. Da irin wannan rashin sani na shiga garin.

Wanda ya tarye ni a tasha Sabo ne, wani Bakano, abokin marigayi yayana Modi tun suna ɗalibai. Tasi yake tuƙawa. Ban taɓa ganinsa ba, amma shi tun daga nesa ya gane ni.

"Kai ne Haliru? Inna lillahi! Wallahi kamar Modi ne ya taso." Ya fizge jakata, ya jinjina ta. "Basakkwace, me ka cusa a ciki haka? Albasa?"

"Takardu ne," na ce.

"Takardu! To, Allah ya sa su yi maka rana."

Ya kamata in ɗan koma baya. Yaya Modi ya zo Amurka karatun injiniya a shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasarmu, lokacin da naira ta fi dala ƙarfi, gwamnati kuma tana kwasar samari tana turawa waje. Da ya gama, ya yi aiki na 'yan shekaru a Houston, ya sayi gida ta hannun banki, irin cinikin da banki ke biya, kai kuma ka riƙa biyansa wata-wata, gidan yana jingine a wurinsa. Da Inna, mahaifiyarmu, ta matsa masa ya dawo, sai ya zuba 'yan haya, ya bar wa Sabo amanar karɓar kuɗin hayar yana kai wa banki. Mu a gida babu wanda ya san da wani bashi. Abin da muka sani shi ne Modi yana da gida a Amurka, kuma a unguwarmu ta Ƙofar Marke da alfahari ake faɗin haka.

Ya rasu a hatsarin mota a hanyar Gusau, 'yan watanni bayan sojoji sun sake karɓar mulki. Da aka ajiye shi a ƙofar gidanmu za a yi masa salla, liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba: ko akwai bashi a kan mamaci, kuma wa ya ɗauka? Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan Modi kuwa ƙanana ne. Sai na fito daga sahu na ce, "Duk wanda ke bin Modi bashi, yana wuyana." Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. A raina tela nake tunani, da bakanike, wataƙila da mai siminti. Su kam kafin sadakar arba'in na sallame su.

Kusan shekara bayan haka wasiƙa ta zo ta akwatin ma'aikatarsu Modi, daga wani banki a Texas. Biya ya yi ta yankewa, in ji su, bashi ya taru. Na karanta wa Inna, ina sassauta abin da zai sassautu. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ke nan ɗana shina rataye tun bara, mu muna nan muna cin tuwo." Daga ranar ta hana a raba gado. Aika kuɗi waje a lokacin sai da izinin da irina ba ya samu, kuma ko an ba ni izinin, ban ga albashin da zai biya ba. Na rubuta wa Sabo, ya amsa cewa 'yan haya ne ba sa biya. Da kwas ɗin nan ya fito, Inna ba ta tambayi abin da zan karanta ba. Cewa kawai ta yi, "Ka tahi ka kwance shi."

Sabo ya sauke ni a ɗakinsa, ya ba ni doguwar kujera ta zama gadona. A hanya na ga kusan kowane layi da alluna a kafe a gaban gidaje, wasu ciyawa har ta fara rufe su.

"Duk na sayarwa ne," in ji shi. "Farashin man da ya faɗi ya hana ku albashi can, shi ya kashe garin nan. Ka san abin da mutane ke yi? Makulli suke sakawa a ambulan su aika wa banki, su loda kaya su yi gaba. Kai kuma ka taso daga Sakkwato za ka biya."

Na ce ina so in ga gidan. Ya ce matar da ke ciki masifaffiya ce, in bari tukuna. Washegari ya ce mota na ba shi matsala. A rana ta uku, da ya fita aiki, na nemi taswira na hau bas ni kaɗai, na ɓace sau biyu kafin in sami layin.

Ƙaramin gida ne na katako, fari, da wata itaciya a gabansa wadda ban san sunanta ba. A layin duka shi ne aka aske wa ciyawa. Matar da ta buɗe ƙofa baƙar fata ce, Ba'amurkiya, za ta yi shekara sittin ko kusa. Sunanta Loreta, a ɗakin wankin wani asibiti take aiki. Ta dube ni ta cikin ragar ƙofa, sai ta dafe ƙirji.

"Kai ɗan'uwan Modi ne. Yana ina? Ya daina aiko mana da kati."

A nan na gane babu wanda ya gaya mata. Na faɗa mata a tsaye, a bakin ƙofa, da turancin makaranta wanda ba shi da taushi. Ta zauna a kan dakali ta yi kuka sosai. Maigidanta, wanda aka sallama daga wani kamfanin bututun mai, ya fito da sanda yana jan ƙafa, ya cire hularsa ya tsaya.

Suka shigar da ni. Ta ce ba zan tafi ban ci abinci ba, kuma in kwantar da hankalina, ta san ba ma cin alade, Modi ya koya mata. Shinkafa ta kawo da wata miya mai yauƙi. Da na sa cokali sai na ga guro ne, abin da Kanawa ke kira kuɓewa. Wata biyar rabona da shi. Na sunkuyar da kai ina ci, ina jin kamar a zauren gidanmu nake, ana jiyo dakan fura daga ciki.

Ni na zo ne da shirin tambayar dalilin da ya sa ba sa biyan haya. Na ma rubuta tambayoyin a takarda. Amma a tarbiyyar da aka yi mini, ba ka kai wa mutum labarin mutuwa, ka ci tuwonsa, sannan ka zaro takarda. Ita da kanta ta ɗauko wani gwangwanin biskit ta buɗe a gabana. Rasit ne a jere, na kowane wata, kowanne da sa hannun Sabo. Ko ɗaya bai yi gibi ba. A ƙarƙashinsu akwai wasiƙun banki da ke zuwa gidan da sunan Modi, ba ta buɗe ba, amma ta san launin ambulan ɗin.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Korarmu za su yi?"

Na ce, "Kada ki damu. Babu abin da zai same ku, da yardar Allah."

A wurinmu haka ake cewa. Haka ake gaya wa matar da mijinta ke kwance asibiti, ko manomin da ruwa ya ɗauke masa. Kowa ya san fata ne, kuma kowa yana amsawa da amin. Ita ba amin ta ce ba. Kama hannuna ta yi da hannu biyu ta ce, "Na gode. Ɗan'uwanka ma mutum ne mai magana ɗaya." Na ji wani abu ya ɗan soke ni a lokacin, ba zan ce ban ji ba. Na yi niyyar in gyara maganar, sai na ga fuskarta ta saki, maigidan ma ya yi murmushi. Na bar shi a kan zan gyara wani zuwan.

Sabo na same shi da rana tsaka a layin 'yan tasi, a gaban wani otal, yana cin burodi a cikin mota. Na shiga na zauna kusa da shi. Na daɗe ina kewaye kafin in ce na ga rasit.

Ya ci gaba da tauna. Can ya ce, "Na ci."

"Amana ce fa, Sabo."

"Na san sunanta, malam, ba sai ka karanta mini ba. Wata ɗaya na fara taɓawa, injin mota ya buga. Na ce zan mayar. Kai ka taɓa yini a layin nan ba ka ɗauki mutum uku ba? In na samu in kai musu, in ban samu ba in tsallake. Da Modi na raye, zagina zai yi ya yafe."

"Ba ka ko gaya wa matar ya rasu ba."

"In gaya mata ta daina biya?" Ya kakkaɓe rigarsa. "Yanzu dai ka san ko ni wane ne. Kujerar tana nan in kana so. In kuma kana da kuɗin otal, ga shi nan a gabanka."

Ba ni da kuɗin otal. Na ci gaba da kwana a kujerarsa, ina cin shinkafarsa, shi yake kai ni duk inda zan je bai karɓi ko sisi ba. Har yau ban san sunan da zan ba wannan zama ba.

A banki aka haɗa ni da wani Mista Gibson, farar fata, mai sanƙo, idanunsa jajaye don gajiya. Fayil-fayil ne a ofishinsa har kan kujerar baƙi, sai da ya kwashe na sami wurin zama. Ya duba na Modi, ya dube ni.

"Ka sa hannu a takardar bashin nan?"

"A'a."

"Ka tsaya masa?"

"Ba a takarda ba."

"To, saurayi, me ya kawo ka?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin liman da sahu da abin da na faɗa a gaban gawa. Ban tabbata ya fahimta ba. Ya ce shawara zai ba ni kyauta: in koma makaranta. Gidan yanzu bai kai darajar abin da ake bi ba, ko kusa. Za su ƙwace shi, su yi gwanjonsa, babu kuma wanda zai hau jirgi zuwa Afirka neman ragowa.

"Ragowar fa, ina za ta?" na tambaya.

"Tana nan a fayil."

"Da sunansa?"

"Da sunansa."

Na ce masa wannan ne ba zan iya kai wa mahaifiyata ba. Ni ba malami ba ne, ban san ko ruwan da ya hau kan bashin yana cikin abin da za a tambayi mutum a kansa ba, amma uwar kuɗin dai an ci, kuma mai ita bai ce ya haƙura ba.

Ya jingina da kujera. Ya ce akwai wata hanya, amma doguwa ce, kuma yawanci ba ta ɓullewa. In na samo mai saye da kaina, ko da kuɗin bai kai bashin ba, kwamitin banki zai iya yarda ya karɓi abin da aka samu, ya rubuta cewa ya saki ragowar. Sai dai gidan da aka ba da haya ya fi wuya. An ba Modi bashin ne a kan shi zai zauna a ciki, kuma kwamiti zai ce, tun da ana karɓar haya, ina kuɗin? Ya lissafa mini abin da zan kawo: takardar shaidar mutuwa, da takardar kotu mai nuna ni ne wakilin magada, da bayanin inda kuɗin haya ya shiga, da tayin mai saye a rubuce.

Bayanin haya na rubuta shi ya fi sau goma ina yagewa. Takardun zaman Sabo sun ƙare, na sani, kuma sunansa a fayil ɗin banki zai iya jawo masa abin da ya fi ƙarfin laifinsa. Ƙarya kuma ba zan rubuta ba, balle in bar zargi a kan Madam Loreta. A ƙarshe na rubuta cewa 'yan haya sun biya kowane wata, ga kwafin rasit, wakilin da marigayi ya naɗa ne ya kasa kaiwa. Na sa babban yatsana na rufe sa hannun Sabo lokacin da ake ɗaukar kwafin. Ban sani ba ko hakan daidai ne.

Hutu ya ƙare ban samu ko ɗaya daga cikin sauran takardun ba. Na koma arewa, cikin ƙanƙara.

Takardar shaidar mutuwa ita ta fi ba ni wahala. Modi ya rasu da safe, kafin la'asar an rufe shi, kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi a garinmu. Mutum ɗari sun ga an sa shi a kabari, amma babu wanda ya ba da takarda, babu kuma wanda ya nema. Na rubuta wa kawunmu, wasiƙa ta yi sati uku a hanya, amsarsa ta yi sati uku. Ya je asibiti aka ce ba nan ya cika ba. Ya je wurin 'yan sandan da suka ga hatsarin aka ce an yi wa mai littafin canjin wurin aiki. Daga baya alƙali ya tara shaidu, ya rubuta takarda da Hausa, ya buga hatimi. Da ta iso na fassara ta da kaina na aika. Mista Gibson ya ce fassarata ba ta karɓuwa, tun da ina da hannu a maganar. Sai da na nemo wani malamin jami'a da ya taɓa zama a Zariya ya sa mini hannu.

A watannin nan alawus ɗinmu ya daina zuwa daga gida. Na shiga wankin kwanuka a ɗakin cin abincin ɗalibai, in tara tsaba in je akwatin tarho in kira banki, a ajiye ni a layi har tsabar ta ƙare. Na taso a garin da ake kuka da zafinsa, sai ga ni ina kewar zafin nan, irin wanda ke sa kasuwa ta yi tsit da azahar kowa ya nemi inuwa. Sau biyu Madam Loreta ta aiko mini da kati, tana tambayar ko ina sa rigar sanyi. Na amsa mata da godiya. Maganar da na ce zan gyara ban gyara ta ba. A takarda ta fi nauyi, na ce sai mun haɗu.

Da kwas ya ƙare na sake hawa bas zuwa Houston, saura wata uku izinin zamana ya cika. Wata dillaliyar gidaje ta karɓi aikin ba da son ranta ba. Tayin farko kwamiti ya riƙe shi kusan wata guda, sannan ya ce ya yi kaɗan. Na kai Madam Loreta banki da kaina ko za a ba ta bashi ta sayi gidan, na ɗauka na samo dabarar da za ta fisshe mu duka. Aka dubi albashinta da shekarunta da mijinta marar aiki, aka ba ta haƙuri cikin minti goma. A hanyar komawa ita ke lallashina.

Tayi na biyu ya zo daga wani mutum mai sayen gidajen da suka faɗi, kuɗi hannu. Ya ɗara na farko. Sharaɗinsa ɗaya ne: a ba shi gidan babu kowa a ciki. Na roƙi dillaliya ta roƙe shi ya bar 'yan hayar, ga rasit, mutanen kirki ne. Ya ce gyara zai yi ya ninka haya. Mista Gibson ya ce kwamiti sau ɗaya yake zama a wata, kuma in wannan ya wuce, fayil ɗin zai tafi sashen ƙwace. Ya ƙara da cewa ko an ƙwace ma fitar da su za a yi, sai dai wataƙila su ƙara wata shida ko shekara kafin layi ya zo kansu. Na riƙe wannan magana ina juya ta, don tana rage mini nauyi. Amma shekara guda a gidan da mutum ya saba, ga tsoho mai jan ƙafa, ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san haka.

Modi da baki ya ba su hayar, irin ta gida, babu yarjejeniya a rubuce. Saboda haka kwana talatin kawai doka ta ba su.

Na same ta ran Asabar tana shanya a bayan gida. Na gaishe ta, na tambayi jikin maigida, na tambayi aiki, na tambayi 'yar'uwarta.

"Haliru," ta ce, "faɗi abin da ka zo faɗa."

Na faɗa. Ta gama maƙala zanen gadon da ke hannunta kafin ta juyo.

"Ka ce babu abin da zai same mu."

"Addu'a ce na yi, Madam. A wurinmu..."

"Addu'a? Ni ma ina addu'a, ɗana, kowace Lahadi. In zan yi, sama nake kallo. Kai idona ka kalla."

Ta ci gaba da cewa:

"Ka san wata huɗu da suka wuce cocinmu ya samo mana ɗaki a gidan tsofaffi? Ƙasa ne, babu matakala, kusa da asibiti. Shekara biyu muna layi. Na ce a ba wani, ɗan'uwan Modi ya ce mu zauna." Ta ɗauki kwandon wanki. "Duk wannan don wanda ya riga ya mutu?"

"Don shi, da mahaifiyarmu."

"To, ina fata ya ji daɗi." Ta shige ciki. Ba ta buga ƙofa ba, a hankali ta rufe.

Kwamiti ya amince ana saura kwana tara in bar ƙasar. Na tafi karɓar takardar da Sabo, don ina son shaida, kuma duk garin shi kaɗai ne Musulmin da ya san Modi. Mista Gibson ya miƙo mini ita, shafi ɗaya. Layin ƙarshe ya ce banki ya karɓi kuɗin cinikin a matsayin cikakken biya, ba ya bin marigayi ko magadansa komai. Na karanta sau uku. Sannan na roƙe shi wata alfarma: ya faɗa da bakinsa cewa an yafe.

"Ba kuɗina ba ne," ya ce. "Ni ma'aikaci ne."

"To, wa zai faɗa?"

"Kwamiti. Suna wani gari. Ni kaina ban taɓa ganinsu ba."

Sabo ya taɓa ni ya ce da Hausa, "Kai, tashi mu tafi kafin su canza ra'ayi. Bature za ka sa ya yi maka tahiya?"

Ban tashi ba. Mista Gibson ya dube ni, sannan ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗauki takardar ya karanta layin ƙarshen da ƙarfi. Ya karya sunan Modi da na mahaifinmu. Na gyara masa, ya maimaita, na sake gyarawa, har ya faɗa daidai. "Ya yi?" ya tambaya. Na ce ya yi. Da na juya sai na ga Sabo yana share ido da hularsa.

Madam Loreta ba ta jira kwana talatin ba. Wani ɗaki ta samu a hawa na biyu, can wajen gari, bas biyu zuwa wurin aikinta. Ranar tashi muka je da Sabo taya su lodi. Ba ta kore mu ba, ba ta kuma yi mana magana ba sai ta aiki. Da muka rage mu biyu a falo, na tattaro duk turancina na ce mata na yi kuskure, ina roƙon ta yafe mini. Ta dube ni, ta dubi teburin cin abinci da ke tsakaninmu.

"Kama wancan gefen," ta ce. "A hankali, ƙafarsa ɗaya na rawa."

Na iso Sakkwato da damina, gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin hanya. Inna na zaune a tabarma a tsakar gida. Ba ta bari na sha ruwan da aka kawo mini ba.

"Sun yahe mai?"

"Sun yafe, Inna. Ga takarda."

"Da baki?"

"Da baki, a gaban shaida."

Ta karɓi takardar, ta shafa ta duk da ba ta karatun boko, ta ɗaga hannu ta daɗe tana godiya ga Allah. Ta ce gobe a kira alƙali a raba wa marayu abinsu. Na ga kafaɗunta sun sauka, abin da ban gani ba tun ranar da wasiƙar farko ta zo. Da na yi shiru a nan, da ta kwana da farin ciki. Amma ta tambaye ni wa ke cikin gidan da aka sayar, ni kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Na ba ta labarin duka, da miyar guro, da maganar da na faɗa, da ɗakin da matar ta bar wa wani.

"Ka roƙe ta gahwara?"

"Na roƙa."

"Mi tac ce?"

"Ta ce in kama gefen tebur."

Inna ta ninke takardar banki, ta tura ta ƙarƙashin tabarma.

"Wagga ba yahiya ba ta," ta ce. "Ka kwance ɗan'uwanka, Haliru, Allah shi yi maka albarka. Amma ka ɗauro naka."

Sau biyu na rubuta wa Madam Loreta a sabon adireshinta. Ta farko ban sami amsa ba. Ta biyu ta dawo mini bayan wata huɗu ba a buɗe ba, an buga mata hatimi cewa mai ita ta tashi, ba ta bar adireshi ba.